Durowar da Kawu Ya Yi wa Iya

To ai shi ya sa nake ce muku ni yanzu ba na son mutum ya shigo shagonmu ya nuna durowar gefen gado da baki ya ce a ba shi waccan mai ƙyalli. Da can ina so, don aikina ke nan, ni ce mai tsayawa a gaba in yi ta zuba wa mutane zaƙin baki har su saya. Yanzu in na ji an ce mai ƙyalli sai in kau da kai. Ku bari in ba ku labarin kawuna. In kun ga dama ku ce na cika surutu, ba ku kuka fara faɗa ba.

Kawu yayan mamata ne. Kafinta ne, bencinsa yana bayan shagon da nake aiki. Shi ma ya samo min aikin bayan na bar makaranta, lokacin malamai sun gaji da ni, ni ma na gaji da su. Gaban shagon tayil ne da fitilu da gadaje a jere an lailaye su kamar ba za a taɓa kwanciya a kai ba. Bayan kuma ƙurar katako ce da warin fenti da ƙarar zarto, in ka shiga da baƙin kaya ka fito fari fat. Kafintoci suna da yawa a can, wani gado, wani kujera, wani wadirob. Kawu shi durowar gefen gado kawai yake yi. Tun kafin a haife ni abin da yake yi ke nan, kuma in ka ce masa ƙaramin aiki ne sai ya kalle ka kamar ka zagi babansa.

A shago ba mai kiransa da sunansa. Kwanta-mu-gani ake ce masa. Dalili, in mutum ya zo sayen durowa na kira shi, ba ya tambayar kala. Cewa yake mutum ya cire takalmi ya hau gadon da ke shago ya kwanta, ya rufe ido, ya miƙa hannu kamar yana neman wayarsa. Inda hannun ya sauka, nan Kawu zai zaro fensir daga bayan kunne ya yi alama. Sannan ya shiga tambaya kamar ɗan sanda. Katifar gidanka ta fi wannan tudu? Wane gefe kake kwana? Me kake ajiyewa kusa da kai? Akwai yaro mai rarrafe?

Na sha kallo. Wani babban mutum mai tumbi ya taɓa kwanciya da kayansa masu tsada, kafin Kawu ya gama awo har ya fara minshari, matarsa tana tsaye tana cizon yatsa. Wata mai jego ta zo tana son doguwa siririya, ya ce a'a, mai faɗin sama za ta saya, wadda za ta ɗauki filas da kofi da tsumman goge baki, kuma sai ya kashe mata kusurwoyi don ranar da yaron zai fara tsayuwa. Wani gwauro da ɗakinsa bai fi akwatin ashana ba, ya yi masa wadda ake mannawa a bango, ba ƙafa, ya samu wurin tura takalmi a ƙasa. Tsofaffi kuwa ko kusa ba ya ba su mai aljihun ja. Buɗaɗɗiya yake musu, da ɗan baki a gefe don kar tabarau ya gangaro.

'Yan mata masu son mai gilashi su suka fi shan faɗansa. Wata ta dage, sai ya ce mata: "'Yata, in kin farka da ƙishi, gilashin ne zai miƙo miki ruwa?" Ta yi fushi ta fita. Mai shago ya biyo shi har baya yana masifa, wai yana kore masa kasuwa. Kawu ya ci gaba da goga katakonsa, ko kai bai ɗaga ba. Daga baya yarinyar ta dawo tare da mamarta, ta kwanta, aka auna.

Yanzu ku tambaye ni me ke gefen gadon matarsa. Bokitin fenti. Wallahi. Tsohon bokitin fenti da ya kwaso daga wurin aiki, ta wanke shi ta kife, ta rufa masa ƙyalle mai fure. A kai take ajiye fitila da man zafi da 'yar rediyonta. Iya muke ce mata dukanmu, har 'yarta. Mace ce mai baki, a wajenta na koyi rabin nawa. Tun tana da ƙuruciya ta taɓa zuwa shago kai masa abinci ta ga wata durowa da ya yi wa wata mai kuɗi. Ruwan ƙasa mai duhu, tana sheƙi kana ganin fuskarka a jiki, aljihu uku, kowanne da ɗan mariƙi ƙarami zagayayye ruwan zinare kamar maɓallin riga. Daga ranar ba ta sake barinsa ya huta ba. In baƙi suka zo sai ta ɗaga ƙyallen ta nuna musu bokitin ta ce ga aikin mijinta, babban kafinta, a taya ta murna. Shi kuma ya ce: "Gimbiya, wata mai zuwa." Ta ce watan nan nasa ko a kalanda babu shi. Haka suka tsufa, tana tsiya yana dariya.

Sai hawan jini ya kayar da ita. Tana shanya a tsakar gida ta faɗi. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin dama ya tafi gaba ɗaya, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana sai ka kasa kunne sosai. Hannun hagu yana motsi amma ba ƙarfi, kofi ma sai rabi ake zuba mata.

'Yarsu ɗaya ce, Yaya nake ce mata. Tana aure a wani gari mai nisa, tana aiki a kyamis, ta san magani. Ta zo ta ce za ta tafi da uwarta. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, gaskiyarta ce: Kawu yana fita da safe sai yamma, in bai fita ba ba su ci ba, wa zai kula da ita? Kawu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe matarsa ba ta barin ɗakinta. Iya ma ta girgiza kai, ta riƙe ƙarfen gado da hannun hagun. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya. Maƙwabciya za ta riƙa leƙowa da hantsi ta kai ta banɗaki. Maganin safe da na yamma Kawu zai ba ta. Na rana kuwa, wanda likita ya ce shi ne ba a wasa da shi, ita za ta sha da kanta. In ta iya, ta zauna. In ta kasa, Yaya za ta dawo da mota, kuma ba wanda zai buɗe baki. Kawu ya ce ya yarda.

Washegari ya shigo wurin aiki da wani katako da ya daɗe yana ɓoyo, mai nauyi, irin wanda ba a samu yanzu. Na ɗauka buɗaɗɗiya zai yi mata irin ta tsofaffi. Da na leƙa na ga yana yanka aljihu uku sai na ce, Kawu, wannan ai ta 'yan gayu ce. Ya ce in koma gaba in sayar da gado. Mai feshin fenti, wani abokinsa mai tari kullum, ya ce a bar tsoho, amarya zai yi. Kawu ya ce e, amarya ce, ta daɗe tana jira.

Ban taɓa ganin ya ɓata lokaci a kan abu kamar wannan ba. Tsayin dai ya auna, don ya sa ta miƙa hannu a kan gadonta ya yi alama a bango, bai gaya mata ko na mene ne ba. Aljihunan ya ƙi sa musu ƙarfen nan da suke gudu a kai, ya ce wannan aikin ragwaye ne, waccan da Iya ta gani tun da katako a kan katako ce, haka zai yi. Ya fere su suka shige daram, ko takarda ba ta ratsa tsakani. Ya zaga kasuwa har ya samo mariƙan nan ƙanana masu ruwan zinare. Mai feshi ya fesa, Kawu ya goge ya ce a sake, ya fesa, ya ce a sake, har mai feshi ya ce in ya mutu da tari a rubuta a kan Kawu. In ya ja aljihun ya buɗe sumul sai ya yi murmushi. To amma ku tuna hannun wa ke ja. Hannun mutumin da ya yi shekara da shekaru yana riƙe guduma.

Ni na raka shi kai ta. Ya ɗauke bokitin ya ajiye durowar a gefen hagu, ya yaye bargon da ya lulluɓe ta. Iya ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta shafa saman a hankali, ta leƙa ta ga fuskarta a ciki, bakin nan a karkace. Na ce yanzu za ta yi kuka. Sai ta yi wata dariya ta gefe ɗaya, miyau yana zuba, ta ce: "Ka makara, kafinta. Amma ka iya."

Kawu ya juya wai yana neman fensirinsa. Fensirin yana bayan kunnensa.

Ya ɗauko kwalbar maganin rana zai ɗora a sama, ta buge masa hannu. Ta ce ba abin da za a ɗora mata a kai, ko kofi, kar a yi mata zane. Ruwa a gora a ajiye mata a kan katifa, magani a sa a ciki, ai don haka aka yi aljihu. Ya sa a na sama ya tura ya rufe. Mutumin da in baƙo ne sai ya sa shi ya gwada sau nawa, ranar ko a ransa bai kawo ya ce ta ja ya gani ba. Yana tsaye yana kallon yadda take kallon durowar, shi ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya Kawu har waƙa yake yi a benci. Kullum in ya koma ya tambaye ta ko ta sha na rana, ta ce ta sha. Yaya ta bugo waya, ta ce ta sha. In na je da yamma in tarar da ita tana goge durowar da gefen ɗankwalinta, in ce Iya za ki cinye fentin nan, ta ce in ta cinye nata ne, ni ko bokiti ban ajiye ba. Damina ta shigo a lokacin, ruwa ba ƙaƙƙautawa, bangon ɗakin har gumi yake. Kowane kafinta ya san abin da damshi ke yi wa katako, kumbura shi yake. Ta fara cewa kanta yana sarawa. Muka ce rashin fita ne.

Ranar da abin ya faru Kawu ya koma da yamma ya same ta rabi a gado rabi a ƙasa, ido a buɗe, ba magana. Aka kwasa sai asibiti. Likita ya ce jinin ya hau sosai, ya sake taɓa ta, ya tambaya ko tana shan maganinta daidai. Kawu ya rantse tana sha. Yaya ta iso washegari, ido ya kumbura. Likita ya ce a kawo kwalaben ya gani, sai ta ja ni muka tafi gidan.

Ta sa yatsa biyu ta ja ɗan mariƙin. Bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi, sai durowar gaba ɗaya ta biyo ta. Sai da ta dafe saman da hannu ɗaya ta fizga da ɗayan sannan ya buɗe da ƙara. Kwalbar tana ciki, kusan yadda aka sayo ta. Yaya ta durƙusa ta haska da waya. Duk zagayen mariƙin zane ne na farce, ƙanana ƙanana, wasu sun ci fenti har sun kai katako. A ƙarƙashin filo muka ga wani siririn ƙyalle da Iya ta yaga daga ɗankwali, an yi masa ƙulli, gefensa duk ya tauna. Ashe ɗaura shi take a mariƙin ta ja da haƙori.

Yaya ta zauna a ƙasa ta rungume kwalbar.

A barandar asibiti ta sami Kawu, mutane suna wucewa da kwanukan abinci. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta miƙa masa kwalbar ta gaya masa abin da muka gani. Ya juya ta a hannu, ya ce: "Na auna fa. Na sa ta miƙa hannu, daidai ya sauka."

Yaya ta ce: "Baba, ka sa ta ja?"

Ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Da bakin Iya ya ɗan dawo, ni ke zaune da ita, na kasa haƙuri. Na ce Iya, don girman Allah me ya hana ki faɗa? Ga maƙwabciya tana zuwa kullum, ga ni, ga Kawu. Ta daɗe tana haɗa maganar. Ta ce farkon kwanaki tana iya buɗewa da ƙyar, da ruwa ya sauka ne ya ƙi. Maƙwabciya kuma tana da lambar Yaya, kuma bakinta ba ya riƙe ruwa, in ta ji ko aljihu ba ta iya ja, kafin yamma mota ta iso. Na ce to Kawu fa? Ta rufe ido ta ce: "Zai fasa ta. Zai cire mata mariƙan, ya mayar min da ita ta tsofaffi." Ta ce ta ɗauka ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, tunda tana shan biyu.

Na ce amma Iya kin san wauta kika yi ko? Ta ce ta sani, in rufe mata baki.

Yaya ba ta ma bari an mayar da ita gida ba. Daga gadon asibiti sai mota. Kawu ya roƙa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce zai gyara, yini ɗaya ya ishe shi, zai bar aiki da rana ya riƙa dawowa, zai yi komai. Yaya tana kuka ta ce masa shi da bakinsa ya yarda, kuma yanzu hannun hagun ma ya ragu, ko buɗaɗɗiya ce sai an ɗaga mata kofi wani lokacin. Ba ta yi ƙarya ba. Na so in tsane ta na kasa. Aka kwantar da kujerar gaba aka ɗaure Iya da bel ɗin mota. Kawu ya leƙa ta taga ya gyara mata ɗankwali, ya ce Gimbiya sai na zo. Ta kalle shi kawai. Motar ta tafi, ya tsaya a bakin get har mai gadi ya ce masa ya matsa, wata motar za ta shigo.

Yanzu shi kaɗai ne a gidan. Mamata ke aika masa abinci, rabi yake dawowa. Yana zuwa aiki, yana sa mutane su kwanta, amma ba ya tsokanar kowa, ko mai feshi ya ja shi da wasa sai ya ce uhm. Abu ɗaya ya ƙaru: duk wanda ya sayi mai aljihu sai ya sa shi ya ja da hannun hagu, da ɗan ƙaramin yatsa, yana kwance. Wata ta tambaye shi ko hauka ake a shagon nan. Ya ce ta ja dai.

Ya yi wa Iya wata durowar. Yini ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Ta filawud ce, siririn katakon nan mara nauyi, ba aljihu, ba sheƙi, ga baki a gefe, ga rami daidai gindin kofi, ga taya a ƙasa a jawo ta har jikin katifa. Mummuna ce, na gaya masa a ido, ya ce ya sani. Amma ko ɗan yatsa ɗaya ya rage maka za ka iya da ita.

Zai je ganinta ƙarshen makon nan, karo na farko. Da Yaya ta bugo masa waya ta ce ɗakin da ta sa ta ƙarami ne, tsakanin gado da bango abu ɗaya kawai zai shiga, ya kawo mai amfanin, ko Iya ta samu ta riƙa ɗaukar ruwa da kanta, likita ma ya ce motsa hannun zai taimaka. Sai aka kara wa Iya wayar a kunne. Ina kusa, na ji. Maganarta ta ƙara lalacewa, amma wannan ta fito ras: "Tawa. Ka kawo min tawa."

Ga su can a bayan shago ya jera su, mai sheƙin da zanen farcenta a jiki, ya hana mai feshi ya taɓa, da mummunar kusa da ita. Ɗazu ya kira ni, ya ce tunda ni bakina ba ya jin tsoron kowa, in gaya masa wacce zai ɗora a mota. Mutumin da duk rayuwarsa shi ke gaya wa mutane abin da ya dace da ɗakinsu, yau ni yake tambaya. Na ce masa ana kirana a gaba, alhali ba kowa a shagon.

To ku da kuke zaune kuna karantawa, ku da ba kawunku ba ne, wacce za ku ce ya kai mata?